Yawon Roma da 'Ya'yan Injiniya

Ni 'yar Wudil ce. A unguwar masu ginin tukwane aka haife ni, inda in ka fito ƙofar gida kana hango kogi. Ban kai shekara talatin ba mijina ya rasu, a wata bazara da sanƙarau ya shigo gari. 'Ya'ya biyu na haifa masa, duka sun koma tun suna bakin nono. Da na fita takaba sai na dawo gidan yayana, ina soya ƙosai da safe a bakin hanya.

A shekarun nan ne, saura kaɗan a ba mu mulkin kai, wasu Turawan Italiya suka zo aikin hanya da kwalbatoci. Suka kafa gidajen kwano a bayan gari, leburorinsu kuwa su ne masu sayen ƙosaina. Injiniyansu ya zo da iyalinsa, abin da sauran ba su yi ba: matarsa, wata siririya mai yawan tari, da 'yarsu mai shekara huɗu, da jinjiri namiji. Wata safiya matar ta biyo ta gabana da jinjirin yana ta tsala kuka, fuskarsa ta yi jawur, ita ma kamar ta fashe da kukan. Na wanke hannu na karɓe shi, na goya shi da zanena, na ci gaba da suya. Kafin in kwashe kasko ɗaya ya yi barci. Washegari aka aiko kukun gidan wajen yayana, wai ana so in riƙa yi musu raino.

Shekara uku na yi a gidan. Yaran Iya suke kirana. Yarinyar ta iya Hausa kamar a Wudil aka yanke mata cibiya, tana kuma jin yaren iyayenta. Yaron kuwa da Hausa ya buɗe baki. In ubansa ya yi masa magana sai ya juyo ya dube ni in fassara masa, alhali ni ma ban ji ba. Tuwon dawa da miyar kuka yake ci, taliyar gidansu kuwa sai an yi da gaske. Ran Juma'a nakan kai su kasuwa su kalli shanu, mu biyo ta bakin gada mu sayi soyayyen kifi, in cire musu ƙaya.

A damina ta uku tarin uwargida ya fara zuwa da jini. Aka kai ta Kano aka dawo, aka sake kai ta. Likita ya ce a mayar da ita ƙasarsu. Injiniya, wanda ya ɗan tsinci Hausa a wajen leburori, ya zo da kansa har zauren yayana ya cire hula. Ya ce wata ɗaya kawai, in raka yaran, don yaron ba ya barci sai a jikina. Yayana ya ce ba a taɓa yi ba. Mahaifiyarmu, wadda ke zaune a Indabo wajen ƙanenta, ta aiko cewa kada a kuskura. Ni kuwa na daina cin abinci. Da aka kwana uku yayana ya kira ni ya ce, "Ke ba yarinya ba ce. Ki riƙe sallarki, ki dawo mana yadda kika tafi."

Aka ɗauki hotona a Kano aka manna a wani ɗan littafi. Jirgin sama kuwa ba ni da labarinsa da yawa, don idona a rufe na yi rabin tafiyar, yaron yana ƙanƙame da wuyana. Uwargida tana kwance a baya an ja mata labule. Da muka sauka a Roma wata farar mota tana jira, aka sa ta ciki. Ta miƙo hannu ta taga, amma ba a bar yaran sun taɓa ta ba. Ciwon huhu ne, an ce yana kama yara.

Gidan mahaifin uwargida aka sauke mu, can saman wani dogon bene. Tsoho ne mai sanda, da gyaran agogo yake yi kafin idonsa ya raunana. Shi kaɗai yake zaune. A bangon ɗakinsa akwai hoton wata mace da na wani saurayi cikin kayan soja. Yarinyar ta tambaye shi, ta juyo ta ce mini, "Matarsa ce da ɗansa. Wai duk sun mutu lokacin yaƙi. Saura mamana kawai."

Washegari da safe, kafin ya tafi asibiti, Injiniya ya ja ni gefe.

"Iya, kada su zauna a gida. Kullum fita. Tsoho ya san gari. Su ga komai, su gaji, su yi barci. Kada su yi tambaya."

Na ce, "To, Maigida. Jikin nata fa?"

Ya girgiza kai kawai ya sauka.

Haka muka fara yawo, mu huɗu. Tsoho a gaba da sandarsa, yarinyar tana riƙe da hannunsa, ni a baya da yaron. Tsoho ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, ni ba na jin nasu. Duk abin da zai shiga tsakanina da shi sai ya bi ta bakin yarinya 'yar shekara bakwai. In ta ga dama ta fassara, in ta gaji ta ce, "Ba komai ya ce ba, surutu ne kawai."

Ranar farko ya kai mu wani ƙaton gini zagayayye, mai tagogi hawa-hawa, gefe guda ya rushe. Faɗinsa ya fi filin kasuwar shanunmu. Tsoho ya tsaya yana nuni da sanda yana bayani, har jijiyar wuyansa ta tashi. Yarinyar ta ce, "Wai a nan ake sakar wa mutane zakuna, sarki yana kallo."

Na ce, "Me suka yi?"

Ta tambaya. "Wai ba su yi komai ba. Kallo ne kawai."

Na yi a'uziyya. Yaron kuwa ko ɗaga kai bai yi ya dubi ginin ba. Wasu kyanwoyi ya gano kwance a kan duwatsu, sun fi ashirin, ya ce sai ya kama ɗaya ya kai wa mamansa. Muka yi ta fama, ya bi wannan ya bi waccan, har ya faɗi ya kuje gwiwa. Ya ƙi tafiya. Na kwance mayafina na goya shi kamar yadda na saba. Kafin in gama ɗaurewa mutane sun kewaye mu. Wata mata ta zagayo bayana tana duba ƙullin, wani ya ɗaga abin ɗaukar hoto. Wata tsohuwa ta lashi yatsanta ta goga a hannuna ta duba. Tsoho ya ɗaga sanda ya daka musu tsawa suka watse. Daga ranar, in za mu tsallaka titi, sai ya tsaya ya jira ni, ya sa ni a tsakiya.

Garin nan na dutse ne, sama da ƙasa. Takalmin da aka saya mini a Kano ya yi mini kanta tun kwana na biyu. Babura ƙanana suna fitowa daga kowane lungu kamar zirnako. Akwai motoci masu bin layin dogo a tsakiyar titi, da wata sanda a kansu tana goga waya tana tartsatsi. Gumaka kuwa ba iyaka, manya-manya, maza da mata, yawancinsu ba ko ɗan bante. Da farko nakan rufe wa yaron ido, ni ma in sunkuyar da kai. Daga baya na ga in na ci gaba da haka sai mun faɗa rami, na bari.

Abin da ya fi ba ni mamaki ruwa ne. A kowace kusurwa akwai famfon ƙarfe yana zuba dare da rana, ba mai tarawa. Ran da na fara gani na tsaya ina neman wajen rufewa. Tsoho ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya toshe bakin famfon da yatsa, ruwan ya yi tsalle ta wata 'yar huda a sama, ya sunkuya ya sha. Yaran suka yi ta yi har rigunansu suka jiƙe sharkaf. A irin famfunan nan nake alwala. Tsoho ya lura da lokutana. Da agogon aljihunsa ya nuna azahar sai ya nemo wani lungu ko bayan wani bango, ya riƙe yaran, ya juya mini baya har in idar. Shi ne kuma ya zana mini kibiya da alli a ƙasan ɗakin da nake kwana, ya ce nan ne gabas.

Wajen abinci ma ya gane. In mun zauna sai ya nuna abu ya yi gurnanin alade ya girgiza yatsa, ya nuna wani ya gyaɗa kai. Burodi da ƙwai da tumatir na rayu a kansu. Yaron ya yi kwana huɗu yana kukan tuwo. Da ƙyar Tsoho ya samo wani garin masara rawaya, na tuƙa, na yi miya da alayyafo. Yaron ya ci ya ce ba kuka a ciki, amma ya cinye.

Kowace yamma Injiniya yakan dawo idonsa ja. Yarinyar ta ruga ta tare shi a bakin ƙofa, ya ce da sauƙi, mama tana gaishe su, tana tambayar me suka gani yau. Sai yarinyar ta zauna ta lissafa masa komai dalla-dalla don ya kai mata. Saboda haka ta fara mai da hankali a yawon, tana sa Tsoho ya maimaita mata sunayen wurare. In ƙanenta yana wasa ta ce, "Kai, ka duba mana! Me za ka gaya wa mama?"

Wata rana aka kai mu wani tafki na dutse a jikin bango, ga gumakan dawakai suna fitowa daga cikin ruwa, ruwan yana ruri kamar kogi ya kawo. Mutane suna juya baya suna jefa kwabo ta kafaɗa. Tsoho ya ba yaran ɗaya-ɗaya. Yarinyar ta tambaye shi na mene ne, ya gaya mata. Sai na ga ta damƙe nata a hannu.

Na ce, "Jefa mana."

Ta ce, "Wai wanda ya jefa zai sake dawowa garin nan. Ni ba na son dawowa. Wudil nake so mu koma, mu duka."

Yaron ya riga ya wurga nasa, ya sami wani mutum a hula. Ita kuwa ta sa nata cikin safa.

Mun hau keken doki sau ɗaya, yaron ya yi ta yi wa dokin magana da Hausa. Mun hau wasu matakala masu faɗi da ba su ƙarewa, Tsoho yana hutawa bayan kowane goma. Mun shiga wani ɗakin ibada mai rufi kamar an kife ƙwarya, da huda a tsakiya, rana tana saukowa ta ciki. A nan yaron ya ce fitsari, da ƙarfi, muryarsa ta zagaye ginin ta dawo. Mun ga koginsu, ruwansa kore-kore, an yi masa bango hagu da dama, ba mai wanki, ba masunci, ba ko saniya ɗaya a bakinsa. Yaran sun sha wata ƙanƙara mai zaƙi da ake ɗorawa a kan ɗan mazurari, ta narke ta bi musu gwiwar hannu. Kullum sai na wanke riguna. In an ce ban ga abin kallo ba an yi ƙarya. Amma duk inda muka tsaya, in na dubi Tsoho sai in ga ba ginin yake kallo ba, agogonsa yake dubawa.

A kwana na goma sha ɗaya ya kai mu barandar wani tsohon ɗakin ibada. A jikin bango akwai wani faifan dutse, ya fi tsayin mutum, an sassaƙa fuskar tsoho mai gemu, bakin a buɗe, baƙi ƙirin a ciki. Yara suna layi suna sa hannu suna ihu suna zarewa. Tsoho ya yi bayani yana murmushi, da nufin ya ba su dariya.

Yarinyar ta ce, "Wai in ka sa hannu ka faɗi ƙarya, sai ya cije hannun ya guntule."

Yaron ya ɓuya a bayan zanena. Ita kuwa ta tsaya tana kallon bakin nan. Can ta kama hannuna.

"Iya, sa hannunki."

"Ni ba ruwana da gunki."

"Dutse ne kawai. Sa hannunki ki ce mamana za ta warke."

Na san dutse ba ya cizo. Amma tun tana shekara huɗu ban taɓa gaya mata abin da ba shi ba, ko a kan allura, ko a kan ɗacin magani. Na ce, "Allah shi ne mai warkarwa, uwata."

"Ba haka na ce ki ce ba."

"Abin da na sani ke nan."

Ta saki hannuna. Ta juya wajen kakanta ta yi masa magana da yarensu. Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Ya dube ni, na kawar da kai. Ya miƙa mini sandarsa, ya taka a hankali, ya tura hannunsa cikin bakin har wuyan riga, ya faɗi wasu kalmomi da ƙarfi. Ya zaro hannun ya nuna mata, gaba da baya, yatsu biyar cif.

Ta ce mini, "Ya ce za ta warke." Ta sake duban hannun. "Amma hannunsa yana rawa."

Ranar ba ta lissafa wa ubanta komai ba.

Bayan kwana biyu Injiniya ya ce a kawo su su ga uwarsu daga nesa. Muka shiga mota mai bin dogo har ƙarshen layi, muka taka zuwa wani dogon gini fari mai itatuwa. Muka tsaya a kan ciyawa. Injiniya ya shiga, ya ce mu dubi taga ta uku a hawa na biyu. Na sa wa yarinyar jan ƙyalle a gashi, na ɗaga yaron a kafaɗa. Muka jira har wuyana ya ƙage. Can labule ya motsa, wani hannu ya fito yana kaɗa farin hankici.

Yaron ya yi ta tsalle a kafaɗata yana ihu, "Mama! Mama, na ga doki! Na ga kyanwa!"

Yarinyar ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce a hankali, "Ba ita ba ce. Hannun mama ba shi da ƙiba haka. Kuma ga baƙar riga."

Gaskiyarta. Ɗaya ce daga cikin matan ibadarsu masu baƙar riga da ke jinya a asibitin. Daga baya Injiniya ya gaya mini an yi ƙoƙarin tayar da ita zaune, numfashinta ya ƙi. Amma wai ta ji muryar yaron, ta ce a buɗe tagar duka.

Duk da haka washegari muka fita. Me za mu yi in ba fitar ba? Wuraren kallon sun fara ƙarewa, Tsoho ya shiga maimaitawa. Muka koma wajen kyanwoyi, muka koma wajen tafki. Ƙafarsa ta kumbura, tawa ta fashe. Wani lokaci mukan sami benci mu zauna, shi a wannan gefe ni a wancan, yaran suna bin tattabaru. Sau ɗaya ya fara yi mini magana, doguwa, a hankali, ba ya ko dubana. Yarinyar ta taho za ta fassara, ya kore ta da hannu. Ya ci gaba har ya gama. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ya yi shiru na ce, "Sai haƙuri, Baba. Ni ma biyu na binne." Ya gyaɗa kai kamar ya ji.

A kwana na goma sha bakwai muka hau wani tudu da ake hango garin duka daga kansa, rufin gidaje ja-ja har iyakar gani. Akwai mai wasan 'yar tsana a cikin wani akwati, 'yan tsanan suna ta bugun juna da kulki, yara suna dariya. A tudun nan kullum da rana tsaka sojoji suke buga igwa sau ɗaya, don mutanen gari su daidaita agogo. Tsoho ya riga ya gaya wa Injiniya inda za mu. Aka buga, tattabaru suka tashi, yaron ya toshe kunne yana ƙyalƙyala dariya. Hayaƙin bai gama bajewa ba yarinyar ta damƙi zanena.

Na bi idonta. Ubanta ne yake hawowa ta cikin itatuwa, hularsa a hannu. Bai taɓa zuwa inda muke da rana ba.

Ta ce, "Iya, kada ki bari ya iso."

Ta fara jana.

"Mu tafi ta can. Iya, don Allah mu tafi ta can, akwai wani wajen da ba mu gani ba."

Tana jana, tana jana, har zanen ya fara kwancewa. Tsoho ya miƙe daga benci, sandarsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Na durƙusa na rungume ta, na juya mata fuska cikin ƙirjina. Haka ubanta ya same mu. Yaron ya ruga ya tare shi yana ba shi labarin igwa.

Ba a je da yaran jana'iza ba, ni ma ban je ba. Muka wuni a ɗaki, na rufe tagogi, ina yi musu tatsuniya. Yaron ya tambaya ko yanzu an gama ciwon, za a koma gida. Yayarsa ta ce masa ya rufe baki.

Da aka kwana biyu yayar Injiniya ta iso daga wani gari can arewacin ƙasar. Doguwar mace ce mai tsabta, ba ta da 'ya'ya, ita za ta riƙe su. Ba zan ce muguwa ce ba. Ta kawo mini rigar sanyi, ta kuma yi mini godiya ta bakin yarinyar. Amma da ta ga yaron yana cin tuwo da hannu a ƙasa, ta yi masa magana bai gane ba, sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. Da yamma na ji ta da ƙanenta suna magana sama-sama. Da suka fito Injiniya ya ce mini:

"Iya, jibi jirgi. Ni ba zan koma ba. Wani abokin aikinmu zai kai ki har Wudil."

Na ce, "Maigida, a bar ni ko wata uku, yaron ya saba da ita."

"Ta ce in kina nan ba zai saba ba. Ba zai koyi magana ba." Ya murza idonsa. "Kuma kada su sani. Tsoho zai kai su gidan namun daji da safe. Kafin su dawo kin tafi."

Na ce wannan ba daidai ba ne. Ya ce ya sani.

Ran tafiyar na yi musu wanka kamar kullum, na taje wa yarinyar kai, na ɗaure wa yaron igiyar takalmi. Ya ɗaga hannuwa ya ce, "Iya, goyo."

Na ce, "Yau kai babba ne. Giwa za ka gani, ai ba a zuwa wajen giwa a goye."

Yarinyar ta ce, "Ke ba za ki ba?"

"Ƙafata ta matsa mini. Ku je ku gano mini."

Ta dubi ƙafar, ta dubi ƙullin kayana da na tura ƙarƙashin gado, bakinsa ya ɗan leƙo. Ta daɗe tana kallona. Ina jira ta tambaya, na kuwa ƙudurta in ta tambaya zan faɗa mata, ko me Injiniya zai ce. Ba ta tambaya ba. Ta kama hannun ƙanenta ta ce masa da yarensu su tafi. Ban taɓa jin ta yi masa magana da yaren nan ba sai ranar. Tsoho ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula ya ɗan sunkuya mini, ya bi su. Na ji sandarsa tana sauka a matakala, da muryar yaron yana tambaya ko giwar tana cin rake.

Na iso Wudil ana girbin gero. Mutane suka yi ta zuwa sannu da zuwa, kowa yana so ya ji yadda ƙasar Turawa take. Na ba su labarin famfo da gumaka da keken doki, suka yi ta mamaki. Aka kawo wani injiniya, gwauro, ya shiga gidan da na yi raino. Shekara ba ta zagayo ba aikin ya ƙare, aka kwance gidajen kwanon aka loda a mota. Kukun ya tafi Kano, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Kusan shekara biyu, duk ran da motar wasiƙu ta zo sai na sami dalilin bi ta gidan waya. Ba abin da ya zo.

Na sake aure, wani mai fito da kwalekwale, mutumin kirki. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu na shiga, ni ce babba a ajin, 'yan mata suna yi mini dariya. Da hannuna ya faɗa, abin da na fara rubutawa wasiƙa ce. Mako uku na yi a kanta. Na gaya wa yarinyar cewa ran nan ƙafata da gaske tana ciwo, amma ba shi ya hana ni zuwa ba. Na tambaye ta ko ƙanenta ya ga giwar.

Na kai wa akawun gidan waya. Ya juya ambulan ɗin ya ga sunayen yara biyu da kalmar Roma, ba wani abu.

Ya ce, "Baba, ina sunan mahaifinsu?"

Na ce Injiniya muke ce masa.

"Sunan titi fa? Lambar gida?"

Na ce gidan yana da koriyar ƙofa, kusa da mai gasa burodi. Sai kuma na tuna ba ma a can suke ba, suna wani gari a arewa da ban taɓa riƙe sunansa ba. Na kuma tuna ko ta isa, da wuya a sami wanda zai iya karanta ta a cikinsu yanzu.

Akawun ya miƙo mini wasiƙar da hannu biyu. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Baba. Ba inda za ta."

Na karɓa na ƙulle a bakin zane. Na biya kasuwa na sayi daddawa da gishiri, don ranar ban ɗora miya ba tukuna.